Abin da Za Ki Ci Ranar da Hannu Ya Ƙi

Zuwa ga ɗiyata Mariyama, autata.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai ƙyaure, kin kuma tarar da mutanen kirki. Allah shi tsare mini ke a wannan ƙauye na bayan Tajaye da ko sunansa na kasa riƙewa, shi kiyaye ki daga sharrin hanya, da na ruwan baƙunta, da na bakin mutane. Ki gaida mini masu gidan da aka sauke ki, ko da ban san su ba.

Kada ki yi dariyar rubutuna. Ke ce malamar lakwal, mai koya wa yara boko, ni kuwa ɗan abin da na tsinta a yaƙi da jahilci ne, shi ma rabi ya zube. Na naɗa wa bik ɗin da nake rubutu da shi tsumma don ya yi kauri, in ba haka ba yatsuna ba su kama shi. Sai rana ta ɗaga hannun ya saki nake rubuta kaɗan in aje. In kin ga na maimaita magana, ko na faɗi abu a nan na warware shi a can, ki yi haƙuri, kaina ne ba wuri ɗaya yake ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Awaki suna nan, gero ya shiga rumbu, shi ke nan. Magana ce da na kasa yi miki baki da baki duk damanar da kika yi tare da ni.

Na gan ki, Mariyama. Ko in ce ina jin na gan ki, don har yanzu ina yi ina ƙaryata idona. Da safe kina ɗora ruwan alwala a wuta alhali ana zafi, ki tsoma hannu cikin tasa ki daɗe. Na ga kin buɗe kwalbar mai da haƙori. Na ga kin shanya zane yana ɗiga ba ki matse ba, ke da kike yi wa mutane faɗa a kan haka. Ranar da na ce, "Auta, me ya sami hannun nan?" kika ce, "Ba komai, Inna, alli ne ya busar mini da shi." Alli? Ana tsakar damana, lakwal a rufe, wane allo kika rubuta? Ni ma haka na riƙa ce wa tawa uwar, sai dai ni taɓarya nake ɗora wa laifi.

Ban sani ba ko irin nawa ne. Wasu sun ce sanyin ƙashi gadonsa ake yi, wasu sun ce ruwan rijiyarmu ta Bazaga ne, wata ma ta rantse mini jifa ne. Allah shi sa naki gajiya ce kawai. Amma in shi ne, na san abin da ke gabanki, kuma ba ciwon ne ya fi ba ni tsoro ba. Yunwa nake jiye miki. Akwai ranar da hannu zai ƙi, tukunya ta gagare ki ɗauka, ashana ma ta gagare ki ƙyastawa, ke kaɗai a garin da ba ki da kowa, ga ki da zuciya irin tawa. Za ki ja ƙyaure ki kwanta ciki wayam, gari ya waye ki ɗaura kallabi ki tsaya gaban yara kina murmushi. Shi ya sa na ce bari in faɗa miki wautar da na tafka a kan abinci, ko kya tsallake wata.

Da farko dai na saurari kowa. Lokacin da ciwon ya kama ni sosai kina goye. Gwaggon babanki ta zo dubiya ta ce kada in ƙara cin kuɓewa, wai yauƙinta ne ke taruwa a gaɓɓai. Na bari. Wanzami ya ce nono sanyi ne. Na bari. Wata mai daddawa a kasuwar Ƙonni, da ko sunana ba ta sani ba, ta dubi yatsuna ta ce, "Baiwar Allah, ki rabu da wake da duk wani abu mai tsami." Aka ce kifi, aka ce ƙwai, aka ce kabewa. Kafin a kai ga girbi ba abin da ya rage mini sai farin kunu, ko tsamiya babu, shi ma ina sha ina tsoro. Na rame, na yi zuru-zuru, har nonon da kike sha ya ɗauke. Ciwon kuwa ko gezau bai yi ba.

Babanki, Allah shi jiƙansa, ya ɗora ni a amalanke har bakin titi, muka shiga mota zuwa gidan likita. Lokotoron da ke duba marasa lafiya ya ja fatar idona ya duba, ya ce, "Me kike ci?" Na ce kunu. Ya ce, "Sai me?" Na ce kunu. Ya aje abin rubutunsa ya zuba wa babanki ido, har bawan Allah ya sunkuyar da kai, alhali ba shi ya hana ni ba. Ya ce shi dai bai san abincin da ke warkar da wannan ciwo ba, amma ya tabbata yunwa ba ta warkar da shi. In ci wake, in ci ganye, in sha nono, in ci ƙwai, duk abin da Allah ya hore, in rage gishiri da kanwa. Na dawo na ci, jikina ya dawo. Sai dai ga abin da ke ruɗa ni har yau: duk ranar da na ci naman shanu, washegari sai gwiwa ta yi mini nauyi. Naman ne? Ko don sai ranar buki nake samunsa, ranar da na yini a tsaye? Oho. Ke dai kada ki bar abinci don wani ya buɗe baki ya faɗa. In kin zargi abu guda, ki bar shi shi kaɗai na ɗan lokaci ki gani, sauran ki ci abinki.

Sai ƙwaya. Kin san masu yawo da ita a tire ranar kasuwa, ja da rawaya, wadda ake tsallako da ita daga iyaka. Tana kashe ciwo kam, ba zan yi mata ƙarya ba. Ni kuma don in samu in tashi in yi daka, sai in haɗiye ta da sassafe ciki ba komai, in ce in hannu ya saki na dafa na ci. Kin ji wauta! Hannu ya saki, ciki ya kama. Wannan ƙunar da kike ganin ina dafe ƙirji saboda ita, can na samo ta. Don Allah ki je likita su duba ki su ba ki tasu, kuma ko tasun kada ta riga abinci shiga cikinki. Kullum ki aje abin da ba ya son wuta kuma ba ya son hannu kusa da shimfiɗarki: dabino, ko garin ƙuli, ko ɗan cuku in kin samu wajen Buzaye. Ki ci, sannan ki sha maganin.

Yanzu maganar tuwo. A nan na fi wahalar da kaina, kuma ban san wa zan ɗora wa laifi ba. Mu dai mun tashi mun tarar gidan da ba a tuƙa tuwo ba, ba a cewa an ci abinci a cikinsa. Ga surfe, ga niƙa, ga tankaɗe, ga talge, sannan a zo ga muciya, wadda ba abin da ya kai ta cin wuyan hannu. Nakan tuƙa ina hawaye in ce hayaƙi ne. Wata rana babanki ya shigo ya tarar na rungume muciya da hannu biyu, na danna ta da ƙirji ina juyawa da duk jikina. Ya ce, "Sa'a, wa ya aike ki?" Na ce, "Kai mana. Me za ka fitar ƙofar gida in maza sun taru kowa da akushinsa?" Ya ce, "In fitar da fate. Wanda bai ci ya koma gidansu." Wallahi haushi na ji. Na yi ta kumbure-kumbure, na ɗauka gori yake mini, wai na kasa. Sai bayan ransa na gane sauƙi yake nema mini. Tuwon kuwa ban fasa ba sai da hannun ya ƙi gaba ɗaya.

To ke ba ki da mai fitar da akushi, saboda haka ki yi fate. Ki jiƙa wake kafin ki tafi lakwal, in kin dawo ya yi laushi, ba ya cin wuta kuma ba ya neman kanwa mai yawa. Tukunya ɗaya ta isa. In waken ya fara nuna ki zuba tsaki, ki jefa kabewa, ki watsa zogale ko yakuwa, ki ɗiga mai kaɗan, ki rufe ki zauna. Kabewa kada ki ce za ki fere ta. Ki sa mai sayarwa ya yayyanka miki, ki dafa ta da ɓawonta, in ta nuna cokali ma yana raba su. Dankali ki wanke ki jefa haka nan. Albasa in yanka ta ya yi miki wuya, ga gabu, busasshen ganyenta, da tafin hannu kawai ake murza shi. Na ji an ce da rani lambunan Badagishiri suna cika kasuwa da salati da tumatir da karoti. Waɗannan ko wuta ba su so, wanki mai kyau ne kawai da garin ƙuli da ɗan gishiri.

A buhun da wannan takarda ta zo a ciki za ki ga gwangwani uku. Ban sa musu murfi ba, tsumma na ɗaura a bakinsu, don na san abin da murfi ke yi wa mutum. Na farko garin miya ne: gabu, da kauɗar tumatir, da daddawa, da busasshen kifi, da tonka kaɗan don yaji, na kai inji aka niƙe su tare. Cokali guda cikin tafasasshen ruwa, ki kaɗa kuka, miya ta yi. Na biyu garin kunu ne da gyaɗa da citta da kanumfari. Na uku garin ɗanwake. Shi kuma kada ki tsaya tsinka shi da yatsu yadda na koya miki kina ƙarama, ki ɗiba da cokali ki saki cikin ruwa. Zai fito manya-manya ba fasali, to sai me? Ba gidan suna za ki kai ba.

Wata wautar tawa ita ce ta ranar sauƙi. In na farka na ji hannu ya saki, sai in haukace. In yi wanki, in share gida har bayan rumbu, in yi daka, in ce bari in yaɓe inda katanga ta zube tun da Allah ya ba ni yau. Washegari ko moɗa ba ni iya ɗagawa, kuma duk aikin nan da na yi babu wanda ake ci. Gida fes, ciki wayam. Abin da nake so in ce miki shi ne, ranar sauƙi ki zaɓi aiki ɗaya, kuma ya zama wanda zai ciyar da ke ranar tsanani: ki kai niƙa, ko ki tsince wake, ko ki shanya zogale a inuwa. Amma kuma na san abin da za ki ce. In ba ki yi wanki ran nan ba, yaushe za ki yi? Ni ma ban sani ba, Auta. Na tsufa da wannan ciwo ban gano bakin zarensa ba. Har yanzu ranar sauƙi takan yaudare ni.

Kin san tabon da ke ƙafata ta hagu. Na ce miki garwashi na taka, to ba garwashi ba ne. Babbar tukunyar ƙarfe ce ta aurena, na cika ta da ruwan talge, na ce bari in sauke, yatsu suka buɗe da kansu ba su yi shawara da ni ba. Ki nemi ƴar ƙaramar tukunya mai kunnuwa. Ki ɗora ta wayam, sannan ki zuba ruwa da moɗa. In abinci ya nuna ki kwashe da ludayi tana kan wuta, kada ki ɗaga ta sai ta huce. Kada kuma ki yi girki a tsugune, don tashin ya fi girkin wuya. Rishon da na cusa miki cikin kaya kina cewa in bar abina, yayanki Sani ne ya aiko mini da shi daga Abijan tun tuni. Na tura shi ƙarƙashin gado don kada mata su ce Sa'a ta zama raguwa, icce ma ya gagare ta. Ki ɗora shi a kan benci, ki zauna a kujera, ki bar ƙofa a buɗe saboda warin kalanzir. Duk wadda ta ce ke raguwa ce, ki ce mata gado kika yi.

Garin rogo kuma ki yi hankali da shi. Ba haramun ba ne, amma shi ne abokin mai ciwo na ƙarya, don ba ya tambayar komai sai ruwa da sukari. Na yi wani rani guda kusan shi kaɗai nake sha. Ciki ya cika, ƙarfi babu, bayan gida ya gagara, in na miƙe sai in ga duhu. In dole ta sa, ki kwaɗa shi da ƙuli da albasa da zogale, ko ki sha shi da nono. Ina faɗa miki wannan, amma na san ranar da hannu ya ƙi ba kwaɗo ake tunani ba, kuma gara garin da kwana da yunwa. Kin ga na sake warware maganata.

Duk waɗannan dabaru ne na ranar da ciwo ya bar miki ɗan hannu. Akwai ranar da ba ya barin komai. Ita ce na daɗe ina zagayawa, don ban san yadda zan faɗa miki ba.

Kin san al'adarmu. In maƙwabciya ta aiko miki da abinci, ba ki mayar mata da kwano wayam. Sai kin dafa kin zuba, kuma ki yi ƙoƙari naki ya fi nata. Shekarar da babanki ya rasu, kina Tawa wajen karatu, Sani yana can, ni kaɗai ce a gidan nan. Wata rana ciwo ya kwantar da ni, sai Hajo, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, ta kawo mini tuwo da miyar kuka. Na ci. Daga nan kwanon ya tsaya mini a rai. Na sa aka yanka mini kaza, na haɗiye ƙwaya, na tuƙa tuwo da hannun da ko kallabi bai iya ɗaurawa, na kai mata. Ta karɓa ta yi godiya tana kallon yatsuna. Na dawo na kwanta kwanciyar da har na ɗauka ba zan tashi ba. Tun daga ranar Hajo ba ta ƙara aiko mini da ko ƙwayar gero ba. Na ce a raina, to, miyata ce ba ta yi mata ba, ko kuwa rowa ce ta motsa. Na riƙe ta a zuciya. Gaisuwarmu ta koma ta fatar baki.

Sai na ɓullo da wata dabara, wadda har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Ranar da na kasa girki, in la'asar ta yi, lokacin da kowane gida ke ɗora tukunya, sai in tura kara cikin murhu da ƙafa, in tona garwashin da ke cikin toka, in hura. Tukunya tana kai da ɗan ruwa. Hayaƙi ya tashi, duk mai wucewa ya ga gidan Sa'a ma ana girki. Ba wanda zai aiko mini da kwanon da zan rasa yadda zan mayar, ba wanda zai ce matar marigayi ta lalace. In ruwan ya tafasa in bar shi ya huce, in sha, in kwanta. Na yi haka shekaru, Mariyama. Ranar da kika zo hutu kika ce na rame, na ce miki azumin nafila nake yi. Allah na tuba.

To bayan tafiyarki ciwon ya zo mini da ƙarfinsa, ina jin wahalar haɗa miki kaya ce. Ina zaune a gindin katanga da hantsi, sai na ji Hajo ta ce, "Sa'a, miƙo hannu." Na ɗaga kai na ga langa mai furanni a kan katanga. Ta ce, "Ɗiyarki ta bar mini amanarki kafin ta hau mota. Karɓi, kada ki sa in ci amana." Ke kuma da shisshigi, wa ya sa ki? Na so in ce na ƙoshi, cikina ya riga bakina magana. Dambu ne da zogale, ya sha mai da albasa. Na cinye tas, har na suɗe gefen langar.

Daga nan tsohuwar damuwa ta dawo. Langa ta kwana, ta sake kwana, tana kallona ina kallonta. Hannu ya ƙi. Na ce in zuba mata ƙwai, kaji ba su yi ba. Na ce in zuba garin miya, na tuna duk na ɗure miki shi a gwangwani. Riƙe kwanon mutane abin kunya ne, mayar da shi wayam ya fi kunya, tuƙa tuwo kuma na san inda zai kai ni. Har karan nan na sake turawa cikin murhu da la'asar, na zauna ina kallon hayaƙi, sai na ji na gaji. Ba zan ce miki tunani mai kyau ne ya zo mini ba, gajiya ce kawai. Na rungumi langar a ƙirji na zagaya gidan Hajo.

Na tarar tana tsintar wake a faifai. Na tsaya a kanta na ce, "Hajo, ga kwanonki. Ba komai a ciki. Hannuna ya ƙi."

Ta aje faifan, ta karɓa, ta buɗe murfin ta leƙa kamar mai neman wani abu. Sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Na ce, "Ba'a kike mini?" Ta ce, "Zauna, Sa'a. Shekara da shekaru ina jiran kwanon nan."

Na zauna. Ta ce, "Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Hayaƙi nake gani, amma ban jin ƙamshin daddawa, ban jin ƙarar muciya a tukunya. Kina tsammani ban san ruwa kike dafawa ba?"

Kunya ta rufe ni, sai ta juye ta zama faɗa. Na ce, "Kin sani, kika zuba mini ido? Me ya hana ki aiko?"

Ta ce, "Na aiko sau ɗaya, kika tashi kashe kanki da ramuwa. Na ga yatsunki ranar da kika kawo kazar nan. Na ce in na ƙara aikowa, ni zan kai ki kushewa. Ki tambayi maigidana, sau nawa nake zuba miki a kwano in tsaya a gindin katanga, in dawo da shi in juye."

Mariyama, kin ji fa. Ni ina wannan gefe ina shan ruwan zafi ina zagin rowarta a zuci, ita tana wancan gefe da kwano a hannu tana tsoron kashe ni. Muka yi kuka, muka yi dariya, ta ce mini mai taurin kai, na ce mata mai baƙin shiru. Har yanzu ban san wa ya fi wauta a cikinmu ba. Ban kuma san ko al'adar ce ba ta da kyau, ko ni ce na ɗauke ta da nauyin da ba nata ba, don uwata haka ta koya mini kuma ba muguwa ba ce.

Ga inda maganar take. Ke baƙuwa ce, malamar lakwal, iyayen yara za su aiko miki da kwano, wannan ba shakka. Na san ki, za ki ce kin gode kin riga kin ci, ko ki karɓa ki kwana kina tunanin abin da za ki rama da shi. Kada ki yi. Ki duba cikin matan gidan da kike, ki zaɓi ɗaya mai nutsuwa, ki nuna mata hannunki tun kafin ranar ta zo. Ko za ki faɗa wa direkta, shugaban lakwal ɗinku, wannan ban sani ba, ina tsoron a ce ba ki iya riƙe alli, ke kika san halinsu. Amma mace ɗaya a bayan katangarki dole ta sani. In ta kawo, ki ci. Ranar sauƙi, in kin yi fatenki, ki zuba mata, ba don biya ba. Ranar da hannu ya ƙi, ki kai mata kwanonta wayam, da ƙafarki, ki faɗa da bakinki. Ba zan ce miki babu kunya ba. Akwai, ni da na yi har yanzu in na tuna fuskata zafi take. Sai dai kunyar ta yini ɗaya ce, ni kuwa na sha ruwan zafi shekaru don gudun ta.

Allah shi sa duk wannan surutu nawa ya zama na banza, ya zamana alli ne da gaske. In kuma shi ne, Allah shi sassauta miki fiye da yadda ya sassauta mini, shi ba ki maƙwabta masu ido da tausayi, shi tsare fitarki da shigarki, shi haɗa fuskokinmu da alheri. Hajo tana gaishe ki. Ɗazu ta miƙo ɗanwake ta kan katanga, na mayar mata da langarta ko wankewa ban yi ba.

Ni dai yau na ci, Mariyama. Ke kin ci?

Innarki,
Sa'a